Mako Tara Muna Neman Sunan Ciwon Lubaba

Ƙarfe bakwai da minti goma na safiyar Lahadi, mako na huɗu da komawa karatu, Lubaba ta zo hawa motar makaranta ƙafarta ta dama ta ƙi ɗaguwa. Ina bayanta ina jira. Ta riƙe ƙarfen ƙofa ta sake gwadawa, sai na ga ta sa hannu a ƙarƙashin cinya ta ɗora ƙafar a kan matakala kamar mai ɗora buhu. A agogon hannunta ƙarfe ɗaya ne da minti goma, domin mutanen Habasha daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, ita kuwa shekara biyu tana Riyad ba ta yarda ta gyara nata ba.

"Abaya ce ta harɗe ni," in ji ta bayan mun zauna.

Abaya ba ta harɗe ta ba, ina kallo. Amma ni ba mai yawan magana ba ce. Na buɗe ɗan littafin da nake rubuta komai a ciki na sa lokacin, nawa da nata.

Sunana Nafisa, daga Funtuwa. A lokacin ina shekara ta uku a sashen Larabci, da tallafin karatu na jami'a wanda ake kira minha. Ina zaune da yayana, Yaya Mansur, shi ma ɗalibi, da matarsa Anti Rabi, a hawa na biyu na wani tsohon bene a unguwar Ulaisha. Lubaba ajinmu ɗaya, minharmu ɗaya. Daga garin Dese take, can cikin duwatsun Habasha, tana zaune a hawan ƙasa na benenmu da wanta Sa'id, direban babbar mota da ke kwana biyu a gida, biyar a hanyar Dammam. Tagar ɗakinta katangar maƙwabta take kallo, tsakaninsu bai fi kamu biyu ba. Da Larabcin littafi muke hira, abin da ke ba 'yan ajinmu 'yan ƙasa dariya. Ita ta sa mini suna Ummu Daftar, wato uwar littafi, saboda littafin nan.

Na rubuta wannan ne don 'yan'uwa mata masu zuwa karatu garin nan, na Habasha da namu. Abin da ya ci mana mako tara, tambaya ɗaya ce da ta isa ta warware shi.

A makon farko bayan abin da ya faru a motar ta ce gajiya ce. A na biyu ta fara sallah a zaune, ta kuma yarda cewa tun watanni uku ƙugunta da cinyoyinta ke ciwo, ciwo mai nauyi kamar an kwana ana dukan ta da tabarya. Yaya Mansur ya kai mu ƙaramin asibitin unguwa. Muka biya kuɗin ganin likita, riyal hamsin, ya dube ta minti huɗu, ya ce karatu ya yi mata yawa. Ya rubuta maganin ciwon jiki da takardar hutun kwana ɗaya.

Takardar nan na kai ofishin sashenmu, domin akwai doka a jami'a: wadda ta rasa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na darussan wani fanni ba tare da uzuri ba, ba za ta zauna jarrabawarsa ba. Hirman ake kiran wannan. 'Yar ƙasa in ta samu hirman sai ta maimaita. Mai minha in ta same shi a fanni da yawa, fayil ɗinta ofishin minha zai tafi, igamarta kuwa, wato takardar zama, a jikin minhar take rataye.

Sakatariyar ta juya takardar gaba da baya.

"Wannan ba ta faɗi ciwon ba. Ki kawo ta babban asibiti, mai sunan ciwo da hatimi."

Na ce to. Abin da na iya faɗa ke nan.

Mako na uku na shawarwari ne. Na kira Mama a Funtuwa, ban gama bayani ba ta ce, "Sanyin ƙashi ne. Wannan na'urar sanyin da kuke kwana a ciki, ai dole. Ku kashe ta, ku gasa mata ƙafa da ruwan zafi, ku shafa man zaitun da habbatus sauda. Kada ta fita iska ta buge ta." Mahaifiyar Lubaba kuma ta ce kambun baka ne, tunda 'yarta ta zo ta ɗaya a zangon baya kuma mahaifinta bai bar wanda bai faɗa wa ba a masallacinsu. Ta aiko da wani busasshen ganye a hannun matafiyi, a riƙa sawa a gahawa. Anti Rabi ta ce ita ba ta san sanyi ba, ba ta san baki ba, ta san farfesun ƙafar sa. "Ƙashi ke maganin ƙashi," in ji ta, ta ajiye kwano.

Duk mun yi. Na kashe na'urar sanyin, ɗakin ya zama tanda, domin zafin Riyad bai gama sauka ba. Sai na sayo takardar alminiyom ta naɗe abinci na liƙe tagar, yadda na ga maƙwabta suna yi. Ɗakin ya yi sanyi kaɗan, ya yi duhu sosai. Na rubuta a littafi: an liƙe taga, ta ce ta ji daɗi. Na ji kamar na yi abin kirki.

Daga mako na huɗu ba ta ƙara hawa motar makaranta ba. Kullum in na dawo sai in sauka wurinta in maimaita mata darasin ranar, tana kwance tana gyara mini inda na yi kuskure. Da na ce mu je asibitin jami'a, tunda kyauta ne gare mu, sai ta ce gobe. Gobe ta ce jibi. Ran nan na zauna ban buɗe littafin nahawu ba, na yi shiru ina kallon ta, har ta gaji.

"Shirunki ya fi surutun Anti Rabi damun mutum," in ji ta. "To ji. 'Yar ƙanwar mahaifiyata ta zo aiki ƙasar nan. Aka ɗauki hoton ƙirjinta aka ga inuwa, aka ce tarin fuka. Ba ta yi wata ba tana cikin jirgi. Abokin aikin Sa'id ya ce tarin fuka yana shiga ƙashin baya, haka yake farawa."

"Ba kya tari."

"Ya ce ba sai an yi tari ba. In ciwon nan ya samu suna, sunan zai iya kai ni filin jirgi. In bai samu ba, hirman zai kai ni. Ki zaɓa mini, Ummu Daftar, ke mai lissafi."

Ban zaɓa ba. Na san ita ce ta farko a danginsu da ta taka jami'a, na san akwai makarantar 'yan mata a unguwarsu da ke jiran ta dawo ta koyar. Sai na buɗe littafi muka ci gaba da darasi. Wannan kuskurena ne, mako biyu ya ci mana.

A mako na shida, ranar Talata, na dawo ƙarfe huɗu da rabi na same ta kwance a kan darduma. Ta ce ta gaji da sallar zaune, ta gwada sujada ɗaya a azahar, tun lokacin ta kasa tashi. Awa uku da wani abu. Ba ta yi kuka ba, sai cewa ta yi, "Ni da nake hawa dutse kullum in je makaranta da ƙanwata a baya."

Na ce, "Gobe za mu asibiti. In kin ƙi, zan kira mahaifiyarki in faɗa mata komai da Larabcin da ba ta ji, sai ta nemo mai fassara, duk Dese su sani."

Ta dube ni. "Ashe kina da baki."

Asibitin na da kyau, ba zan rage masa ba, kuma ko halala, kwabon ƙasar, ba mu biya ba. Amma layi layi ne. Mun isa bakwai da rabi, lambarmu ta sittin da uku. A wurin karɓar kati mutumin bai ɗago kai ba sosai, ya ga baƙaƙen hannaye biyu, ya ce, "Ina kafilinta?" Wato mai gidan da take wa aiki. Na tura masa katin jami'a ta ƙarƙashin gilashi. Ya duba, ya sake dubawa, sannan ya buga. A wurin zama wata mata ta tambaye mu gidan wa muke aiki, tana neman shagala mai tsabta, 'yar aiki ke nan. Lubaba ta amsa mata da Larabci mai cikakken i'irabi cewa mu ɗaliban balaga ne, wato ilimin fasahar magana. Matar ta tashi ta canja kujera. Wata tsohuwa kuwa, ita ma 'yar ƙasa, da ta ga yadda Lubaba ke tafiya, ta sa jikarta ta nemo keken marasa lafiya, ta ba mu dabino, ta musanya lambarta ta arba'in da tamu. Ta ce ita ba inda za ta, ta saba zaman.

A nan ne Lubaba ta gaya mini abin da ban lura da shi ba duk zamanmu. Tun shekarar da ta gabata, lokacin da aka yi ta kamen marasa takardu aka kwashe 'yan ƙasarsu da yawa, an tare ta sau biyu a kasuwar Batha ana neman igama. Tana da ita, an sake ta. Amma daga nan ta yanke wa kanta hukunci: ɗaki, mota, aji, ɗaki. Cefane ma Sa'id ke yi. Ban ga baƙon abu a ciki ba, domin ni haka nake tun asali ba tare da kowa ya tare ni ba. Ko lokacin hutun darasi, 'yan aji na tsakar makaranta, mu muna ɗakin karatu.

An ɗauki hoton ƙirji. Tsaf yake, babu inuwa. Ta riƙe hannuna har yatsuna suka yi ciwo. Amma likitan, wani matashi mai sauri, bai ga komai a sauran hotunan ba. Ya tambaye ta yaushe rabonta da gida, ya ce yana ganin damuwa ce da kewa, hakan na faruwa da ɗalibai baƙi.

"Dakta, kewar gida ina da ita," in ji Lubaba, "amma a ƙirji take, ba a cinya ba."

Ya yi murmushi ya rubuta mana ganin likitar ƙashi. Bayan mako biyu.

Na koma ofishin sashe da wannan. Sakatariyar ta ce takardar alƙawari ba uzuri ba ce. Lubaba ta fara wata tambaya da ba ta daina ba: za a maida ni gida? Ta tambayi Sa'id, ya ce Allah ya fi su. Ta tambayi Yaya Mansur, ya ce zai bincika. Ta tambaye ni, na ce ban sani ba, domin ban sani ba.

Likitar ƙashin dattijuwa ce 'yar Sudan, mai tabarau rataye da igiya. Ba ta fara da hoto ba. Ta danna ƙashin ƙwaurin Lubaba da babban yatsa, Lubaba ta zabura. Ta ce ta tashi daga kujera ba tare da dafa komai ba, ta kasa. Ta ce ta taka zuwa ƙofa, ta tafi tana rangaji kamar agwagwa. Sannan ta tambayi yadda abin ya fara. Lubaba in tana jin ciwo Larabcinta guduwa yake, sai na miƙa littafina.

Ta karanta shafi bayan shafi. Ta kai minti goma.

"Wa ya rubuta wannan? Likitanci kike karanta?"

"Nahawu."

"Asara." Ta juya shafi. "Kin rubuta abin da ta ci, da awar da ta yi barci, da abin da aka shafa mata. Mako takwas ban ga inda kika rubuta ta fita waje ba."

"Ba ta fita ba."

"Kafin nan fa?" Ta cire tabarau ta dubi Lubaba. "'Yata, yaushe rabon da rana ta taɓa fatarki? Ba ta bayan gilashi ba, ba ta bayan baƙin ƙyalle ba."

Lubaba ta yi tunani da gaske. Ta ce ranar da za ta bar Dese ta taya mahaifiyarta shanya barkono a tsakar gida. Shekara biyu da wata uku.

Aka ɗebi jini, har da nawa, domin likitar ta ce ni ma ba ta yarda da ni ba. Bayan mako ɗaya muka koma. Kalmominta na nan a littafina yadda ta faɗa: naƙs fitamin dal, shadid, wato ƙarancin bitamin D mai tsanani. Ta ce akwai abin da fata ke samarwa in rana ta taɓa ta, shi ke sa ƙashi ya riƙe ƙarfinsa. Na Lubaba ya kusa ƙarewa, ƙashinta ya yi laushi, naman cinyoyi ya saki. Ta ce mu masu duhun fata mun fi buƙatar daɗewa a rana, mu ne kuma muka fi ɓuya. Nawa ma ya yi ƙasa, bai dai kai nata ba.

"Ana korar mutum saboda wannan ciwon?" in ji Lubaba.

"Da ana kora, da ni ma tuni ina Khartum."

Na ce mata ni na liƙe tagar. Ban san me ya sa na faɗa ba, sai da na faɗa na ji nauyin ya ragu. Ta ce tagar da ke kallon katanga ba ta da ranar da za a tare, in cire dai takardar don a ga hanya. Ta rubuta ƙwaya mai ƙarfi sau ɗaya a mako, da wata ta kullum, da madara da ƙwai da kifi. Ta ce rana kaɗai ba za ta gyara abin da ya kai haka ba, amma in ba a shiga ranar ba zai dawo. Minti ashirin kullum da hantsi, hannaye da ƙwauri a buɗe. Sannan ta rubuta takarda mai suna da hatimi, ta sa ranar da ciwon ya fara daga littafina.

Saura rana. Wanda bai zauna Riyad ba zai yi dariya, garin da rana ke narka takalmi. Amma ina mace za ta buɗe ƙwauri? Saman benenmu na da katanga da ta fi tsayin mutum, sai dai ƙofar a kulle take, mai gadi ya ce wurin tankunan ruwa ne, ba na 'yan haya ba. Yaya Mansur ya je wurin mai gidan sau uku da bayani mai hujja da dalili, ya dawo hannu rabbana. Anti Rabi ta soya funkaso ta cika kwano, ta tafi wurin matar mai gidan da Larabcinta na kasuwa, ba ta yi awa ba ta dawo tana karkaɗa makulli.

"Mun baro Funtuwa inda rana ke bin mutum har ɗaka," in ji ta, "mun zo ƙasar rana muna roƙon makullinta. Malam, a ƙara karatu," ta ƙarasa tana duban mijinta.

Matakala hamsin da huɗu ce daga ƙofar Lubaba zuwa sama. Ranar farko Sa'id da Yaya Mansur suka ɗauke ta a kujerar roba suka ajiye suka sauka. Sanyin hunturu ya shigo, ranar ta yi daɗi. Ta naɗe hannun riga ta rufe ido. Kwanakin da Sa'id ke hanya, ni da Anti muke riƙe ta, hawa ɗaya a huta. A mako na biyu da fara magani ta hau sha takwas da kanta. A na uku ta hau duka, ta ɗauki minti goma sha ɗaya, ta kuma sa aka hau mata da butar gahawarta ta yumɓu, ta soya 'ya'yan gahawa a can ta ba mu zagaye uku yadda ake yi a garinsu, har da ganyen mahaifiyarta. Ciwon bai tafi gaba ɗaya ba sai bayan watanni. Mama har yau ta ce gashin ruwan zafi ne ya yi aiki a makare.

Abin da zan ce wa mai zuwa kaɗan ne. Kafin ki tambayi girman ɗaki, tambayi makullin sama. In ƙafarki ta fara nauyi a matakala, kada ki jira mako shida kamar mu, kuma ki ce a gwada jinin nan ko ba a ce ba. Tsoron sunan ciwo ya fi ciwon cin lokacinmu.

Ana saura kwana goma jarrabawa aka liƙa sunayen masu hirman. Lubaba na ciki a fanni huɗu cikin biyar. Sakatariyar ta karɓi takardar likita ta ce takardar ta zo a makare, sai dai mu ga mataimakiyar shugabar sashe, mace mai tsauri da ko sallama a taƙaice take amsawa. Ranar Laraba muka je. Lubaba ta hau motar makaranta da kanta, a hankali, hannu ɗaya a ƙarfen ƙofa.

Mataimakiyar ta karanta takardar sau biyu. Ta ce uzurin jiki ta gani, amma wadda ta rasa darussa masu yawa haka me za ta rubuta a jarrabawa? Na ajiye littafina a teburinta na ce, "Ustaza, ba ta rasa ba. Kowane darasi na kai mata, ga ranakun, ga shafukan."

Ta buɗe. Ta ɗauko wani babi daga tsakiyar zango ta jefa wa Lubaba tambaya, Lubaba ta amsa. Ta sake wata mai wuya, ta amsa har da misalin da ba na littafi ba. Sai ta koma kan littafina ta sa yatsa a gefen shafi.

"Me ya sa kowane abu lokaci biyu gare shi?"

Na yi mata bayanin agogon Habasha. Ta jawo wata takarda ta yi rubutu mai tsawo, ta sa hannu, ta buga hatimi, ta ajiye a gefe ba ta nuna mana ba. Muka tsaya. Ta ɗago kai kamar tana mamakin ba mu tafi ba.

"Ustaza," in ji Lubaba, muryarta ƙasa ƙasa, "za a maida ni gida?"

"Za ki koma gida ranar da kika gama, da takardarki a hannu," in ji ta, ta miƙo mini littafina. "Jarrabawar farko Lahadi ce, ƙarfe takwas. Ƙarfe biyu a agogonki. Zauren yana hawa na biyu, ki fito da wuri."